Ba girin-girin ba: yadda za a tallafi mai ciwon daji har ƙarshen magani

Ranar da aka ce wance tana da ciwon daji, ba a rasa masu taimako. Dangi su yi karo-karo, a yi sanarwa a masallaci bayan sallar Magariba, tsofaffin 'yan ajinsu su buɗe gudummawa a WhatsApp, kafin mako ya zagayo an tara kuɗin tiyata ko na allurar farko. Bayan wata uku kuwa sai ka ji tsit. Baiwar Allah ta sha zagaye biyu cikin shida na kemo, wato alluran kashe ƙwayoyin daji, ƙullutun da ke nononta ya fara motsewa, sumarta ta zube, kuɗi sun ƙare, sai ta daina zuwa asibiti. Idan ta sake bayyana bayan wata biyar, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, sau da yawa ma ya riga ya kai huhu ko ƙashi. An kashe dukiya, an sha wuya, kuma an yi ba a yi ba.

Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 sama da mutum dubu 127 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan dubu 80 kuma suka rasu. Sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza su ne kan gaba. Yawancin mutanenmu daga aljihu suke biyan magani, shi ya sa taimakon jama'a ke raba mai rai da ajali, da yardar Allah. Sai dai taimakon yana buƙatar lissafi tun daga ranar farko.

Kafin a buɗe asusu, a nemi likita ya rubuta tsarin maganin gaba ɗaya: wane irin daji ne, ya kai mataki na nawa, me za a fara, me zai biyo baya, wata nawa za a ɗauka. Likita ba zai iya rubuta wannan ba sai an ɗebi 'yar tsoka daga ƙullutun an duba ta a ɗakin gwaji, an kuma yi hoton ƙirji da na ciki. A sankarar mama akwai ƙarin gwaji a kan tsokar, wanda ke nuna ko ciwon zai ji maganin haɗiya irin su tamoxifen, ko kuwa sai allurar trastuzumab mai tsadar gaske, wadda ake yi duk sati uku har shekara guda. Mutane kan yi ƙyashin biyan kuɗin gwaji don suna ganin ba magani ba ne. Kuskure ne. Kuɗin farko nan ya kamata su tafi, don gwajin ne zai faɗa muku ko nauyin da kuka ɗauka na wata shida ne ko na shekara. Takardar sakamakon kuma ita ce ke tsare masu bayarwa daga 'yan damfara masu yawo da hoton gyambon wani.

Kemo yawanci duk kwana 21 ake yin sa, sau shida ko takwas. Kafin kowane zagaye sai an auna jini, a ga ƙarfinsa, a duba ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, a duba ƙoda da hanta. Idan jinin bai kai ba a ɗaga zuwa mako na gaba, kuɗin mota kuwa an riga an kashe. A nan ne lissafin masu taimako ya fi karkacewa, don maganin kaɗai suke ƙirgawa. A ce mace daga ƙauye za ta je asibitin koyarwa sau shida, ita da mai jinya. Zuwa da dawowa kujerar mota 24 ke nan, ban da ranar gwaji, ban da ranar da aka ɗaga, ban da ɗan acaɓa daga gida zuwa bakin titi. Ga maganin hana amai, ga ledar ƙarin ruwa, ga abincin yini a asibiti. Mata da yawa ba tsadar allura ce ta tsayar da su ba, kuɗin motar ranar Talata ne.

Saboda haka alkawarin wata-wata ya fi tari guda. Mutum talatin da kowa zai riƙa ba da abin da ba zai dame shi ba duk ƙarshen wata har wata takwas, kamar zubin adashe, sun fi attajiri ɗaya da ya bayar sau guda aka ɗauki hoto. Wata dabarar ita ce a raba zagayen: gidan kawu ya ɗauki na uku, ƙungiyar matan unguwa ta ɗauki na huɗu, a rubuta suna da kwanan wata a littafi, a tuna wa kowa saura sati guda. Kada a saye maganin zagaye shida a jibge. Da nauyi da tsawon marar lafiya ake auna shi, nauyin kuma yana sauka, likita ma na iya canza magani a tsakiya. Wasu alluran sai a firji, zafin bayan mota na lalata su. A saya a kantin maganin asibiti ko inda likita ya aminta, domin hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan jabun magungunan daji a kasuwa.

Gashi kuma, wato ƙona ciwon da hasken inji, wani babi ne. Injinan ba su da yawa. A Arewa an fi sanin asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, sai cibiyar da aka buɗe a Katsina a 2025. A Nijar sai Yamai, inda aka fara a 2021. Kwanciya a kan injin 'yan mintuna ne, amma kullum ne, Litinin zuwa Juma'a. Mai sankarar bakin mahaifa takan yi kusan zama 25 cikin sati biyar, da ƙaramin kemo sau ɗaya a mako, sannan a yi mata gashin ciki, wanda ake sa na'urar a jikin bakin mahaifar, kuma ana son a kammala duka cikin sati takwas. Duk kwanan da aka ƙara a kan haka yana rage damar warkewa, don ciwon yakan farfaɗo a tsakanin hutun. Ma'ana sai ta tare a garin. Duk wanda ya taɓa ratsa barandar irin waɗannan asibitoci da asuba ya ga abin: tabarmi a jere, buta a gefe, kurfoti da 'yar tukunya a bayan gini, tsohuwa tana naɗe zanen da ta shimfiɗa kafin masu shara su iso, 'yarta kuma na zaune ta riƙe mara, da katin asibiti a cikin leda. Ɗaki ɗaya mai katifa da banɗaki kusa da asibiti, a biya hayarsa na wata biyu, ya fi buhun shinkafa goma amfani. Mai hali da ke neman sadaka mai gudana, ga wakafi nan: gida mai ɗaki huɗu a unguwar asibiti zai sauki iyalai masu yawa a shekara. Kuma kafin a ɗauko marar lafiya daga gida, a buga waya a tabbatar injin yana aiki kuma an ba ta rana. Inji kan lalace, layi kan yi tsawo, mutane su cinye guzurinsu a zaman jira.

Akwai taimakon da ba ya buƙatar ko sisi, wato jini. Masu sankarar mahaifa suna zubar da jini, kuma gashi ba ya cin ciwon sosai idan jini ya yi ƙasa, shi ya sa likitoci ke son awon ya kai 10. A rubuta sunayen matasa takwas ko goma na dangi da unguwa tun da wuri, a san rukunin jininsu. Lafiyayye mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Wannan ya fi a tashi da tsakar dare ana cinikin leda da 'yan sayar da jini.

A saya wa gidan ma'aunin zafin jiki, a koya wa mai jinya karanta shi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki take faɗuwa ƙasa warwas. Zazzaɓin da ya kai 38 a wannan lokaci ba na zuwa kyamis a sayo maganin maleriya ba ne. Asibiti za a nufa a daren, a gaya musu tana kan kemo, domin ƙwayar cuta na iya shiga jini ta kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka a ware wani abu daga asusun, a ce kashi ɗaya cikin goma, a bar shi a hannun mai jinya, a kuma san direban da za a tasa. Jan fitsari na kwana ɗaya ko biyu bayan jar allurar nan ta doxorubicin kuwa launin magani ne, kada a firgita.

Abinci: kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, alale, wake, kifi, madara, tuwo mai laushi da miyar kuka ba yaji. Nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ganye na talla a ɗaga musu ƙafa tukuna. Idan baki ya yi gyambo, a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau huɗu a rana.

Sai 'yan dubiya, Allah ya saka musu da alheri, amma wasunsu su ne matsalar. Kowa ya zo da ƙullin magani da fatawarsa: “Daji ba ya son ƙarfe,” “Kada ki yarda su yanke, jifa ne.” Maganar nan ta ƙarfe ta sa mata da yawa sun gudu daga tiyatar da za ta cece su. Ba allura ke yaɗa ciwon ba, jinkiri ne. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba suna ƙara wa hanta da ƙoda nauyi a lokacin da suke fama da kemo. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya. Kuma ciwon daji ba a ɗaukarsa, babu dalilin ware mata kwano ko hana 'ya'yanta kwana kusa da ita.

Gidan da ta baro ma yana jinya. Sana'arta ta tsaya, mai jinya ta bar nata gidan, yara sun daina zuwa makaranta. Wani ya ɗauki kuɗin makaranta na zangon, maƙwabta su karɓi girki, in damina ce a yi wa gonar gayya. A riƙa canjin masu jinya duk sati biyu, don mutum ɗaya ba ya ɗaukar wata shida bai durƙushe ba. Idan tana goyo, dole ta yaye kafin kemo, ga kuɗin madarar jariri ya shigo lissafi. A ja mijin gefe a yi masa bayani, har da cewa ba a son ta ɗauki ciki tana kan magani. Mijin da ya fahimci abin da ake ciki ya fi wuyar juya baya ranar da aka cire nono.

Kada kuma a ɗora komai a kan jama'a alhali akwai ƙofofin da ba a ƙwanƙwasa ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza, a asibitoci shida da suka haɗa da na Zariya, Gombe da Abuja. Kuɗin ba su kai yawan mabuƙata ba, amma wanda bai cike takarda ba ba ya cikin layi. Ta hannun likita da ofishin kula da marasa galihu na asibitin ake nema. A tambayi kantin maganin asibiti ko suna cikin shirin rangwamen magungunan kemo da aka ƙaddamar a 2019. Akwai hukumomin zakka da wakafi na jihohi irin na Sakkwato da Kano, akwai gidauniyoyi kamar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da Project Pink Blue. A wakilta mutum ɗaya mai ilimi da haƙuri ya bi waɗannan, da kwafin sakamakon gwaji, wasiƙar likita, lambar NIN da hotuna a cikin fayil guda. Marar lafiya matalauciya, ga bashi, ga ta a garin da ba nata ba, ta shiga fiye da gida ɗaya cikin takwas ɗin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa wa zakka.

Amana ita ke sa mutane su ci gaba da bayarwa a wata na biyar. Mutum biyu su riƙe asusu, a biya asibiti kai tsaye in zai yiwu, a ɗauki hoton kowane rasit a tura wa masu gudummawa. A yanke tun farko inda ragowar kuɗi za su tafi idan ta warke ko ta cika. Hotonta kuwa, balle na ciwon, ba a sa shi a Facebook sai da yardarta, yardar gaske, ba ta wadda kunya da talauci suka rufe wa baki ba. Wasiƙar likita da aka rufe sunan ta isa shaida.

Ranar da aka gama zagaye na ƙarshe kada a rufe littafin. Wadda aka ɗora a kan tamoxifen za ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum aƙalla shekara biyar, tana komawa asibiti duk bayan 'yan watanni. Wadda likita ya ce ciwonta ya wuce warkewa ita ma tana da buƙatu, kuma masu araha ne. Ruwan mofin da ake sha duk awa huɗu yana kashe raɗaɗi idan an bi ƙa'idar likita, a haɗa shi da maganin sa bayan gida don yana ɗaure ciki. Gyambo mai wari a wanke shi da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, ma'aikaciyar jinya ta nuna yadda ake barbaɗa dakakken metronidazole a kai, warin yakan ragu cikin 'yan kwanaki. A tanadi bandeji, safar hannu, ledar shimfiɗa a kan katifa da sabulu, a riƙa juya ta duk awa biyu don kada kwanciya ta ci mata baya.