Waiwaye: Tangaran ɗin Biyetnam da teku ta ɓoye shekara ɗari biyar

Har yau ba a daina jayayya kan kayan tarihin da ake tsamowa daga jiragen ruwan da suka nutse ba: a ajiye su a gidan tarihi, ko a kai su gwanjo a mayar da kuɗin aikin? Duk sanda zancen ya taso sai an ambaci jirgin da masunta suka gano kusa da tsibirin Cu Lao Cham, daura da garin Hoi An na Biyetnam, a farkon shekarun 1990. Daga 1997 zuwa 1999 masu nutso suka sauka zurfin kusan mita 70, suka fito da tangaran sama da 200,000, mafi yawa farare masu zanen shuɗi. Ƙasar ta riƙe wani kaso, saura aka yi gwanjonsu a San Francisco ta Amurka a shekarar 2000.

Farkon labarin sananne ne. A 1371 sarkin daular Ming ta Sin ya hana talakawansa fataucin teku, tangaran ɗin Sin ya yi ƙaranci a kasuwanni, magina na Biyetnam da Tailan suka cike gurbin. A ƙarni na 15 kayan ƙauyen Chu Dau da ke yankin Hai Duong na Biyetnam sun kai Jafan da Filifin da Masar, har an manna wasu a bangon babban masallacin Demak na tsibirin Java a Indonesiya. Jirgin Hoi An, wanda ya ɗauko irin waɗannan kayan, na ƙarshen wannan ƙarnin ne.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda sana'ar ta mutu. A 1567 Sin ta sassauta dokar, ta buɗe tashar Yuegang a lardin Fujian. Nan da nan tangaran ɗin garuruwan Jingdezhen da Zhangzhou na Sin suka kwararo, masu yawa kuma masu araha, fatake suka juya wa Chu Dau baya. A gida kuwa yaƙi ake tsakanin gidan sarautar Mac da na Le, kuma Hai Duong ita ce tushen Mac ɗin. Da aka ci su a 1592, wutar matoya ta mutu a yankin. Ƙasa ta rufe wurin, aka koma noma, jikoki suka tashi ba su san kakanninsu sun taɓa gina abin da sarakuna ke saye ba. Kusan shekara 400 a haka.

Daga waje aka tuna musu. A fadar Topkapi ta Santambul akwai wani tulu mai zanen shuɗi, da rubutu a kafaɗarsa da ke nuna an yi shi a 1450 a gundumar Nam Sach, inda Chu Dau take, da hannun wani daga zuriyar Bui. (Masana sun rabu kan karatun: wasu na cewa sunan mace ne, Bui Thi Hy, wasu na cewa magini ne ke faɗin ya zana don nishaɗi.) Wani jami'in diflomasiyyar Jafan ya ga tulun, ya rubuta wa hukumomin yankin wasiƙa a 1980 yana tambayar inda aka gina shi. Tambayar ce ta sa aka shiga nema, a 1986 aka fara haƙa a Chu Dau.

To, ka lissafa. 'Yan shekaru ne kacal tsakanin fara haƙar da ranar da farantai suka fara maƙalewa a komar masunta. Masuncin da ya sayar da su ga dillali bai taɓa jin sunan Chu Dau ba, masana ma a lokacin suke fara tantance kayan. Ko a wajen gwanjon, da yawa ba su samu mai taya su ba, sai daga baya aka riƙa sayar da su ta intanet.