Ƙafar direba da tafiyar jini

Makon jiya wani direban tirela ya zo wurinmu a Agege, Legas, yana jan silifas, ƙafafunsa biyu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kwana huɗu ya yi a layin lodi a Apapa, a kujerar mota yake ci, a nan yake gyangyaɗi. Abokansa sun ce wani abu ya taka. Na ce, "Baba, zauna in auna ka tukuna."

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannunka ba, kuma ɗaki huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauko oksijin. Ɓangaren hagu, wanda ya fi kauri, shi ke harba wannan jinin zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Wannan bi ta huhu, wani likita Balarabe mai suna Ibn Nafis ya bayyana shi tun ƙarni na 13, kafin William Harvey na Ingila ya yi bayanin zagayen gaba ɗaya a 1628. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma ko yana kwance, zuciya na tura kimanin wannan adadin a kowane minti, tana bugawa sau 60 zuwa 100.

Gangarawa ƙafa ba wuya. Dawowar ce aiki, domin hawa ne, kuma kafin jini ya ratsa ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siriri, ƙarfin turin ya ragu sosai. To me ke mayar da shi sama? Sha raɓarka. Duk takun da ka yi, tsokar na matse jijiyoyin dawowa, a cikinsu kuma akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, su hana jini komawa ƙasa. In ka zauna wuni guda ƙafa a lanƙwashe, wannan famfon ya tsaya, jini ya taru, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Ba direba kaɗai ba: ɗan canji, mai tireda a Mile 12, mai gadi da ke kwana a kan benci a Obalende, duk jirgi ɗaya ya ɗauko su.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Bayan kowace awa ɗaya ko biyu, sauko ka zagaya motar. In cunkoso ya hana, riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa. Da dare ka ɗora ƙafa a kan matashi.

Amma ba kowane kumburi ne na zama ba, kuma nan nake so a saurare ni da kyau. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ga zafi ga ciwo a sha raɓa: ƙila jini ne ya daskare a jijiya. Kada a murza, kada a kai wa wanzami ya yi ƙaho, domin gudan na iya ɓallewa ya toshe hanyar huhu. Asibiti a ranar. Haka kuma in ƙafa biyu ne tare da haki, mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina, to a duba zuciya da ƙoda.

Shi Baban namu awonsa ya nuna 165 bisa 100. Daga 140 bisa 90 ake maganar hawan jini, shi kuwa ya rantse ko ciwon kai ba ya yi. Haka cutar take, ba ta sallama. Na tambayi cimarsa: indomi da dunƙule biyu wurin mai shayi, safe da dare, alhali gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya. Na ba shi takardar ganin likita, na ce ya dawo ranar Alhamis mu sake awo kafin ya ɗauki hanyar Kano.