Waiwaye: Yadda aka yarda cewa nahiyoyi na tafiya

Duk wanda ya ƙura wa taswirar duniya ido zai ga gaɓar Barazil ta dace da mashigin tekun Gini. Ba yau aka fara lura ba. Tun 1596 mai zanen taswira Abraham Ortelius ya ce da alama yage Amurka aka yi daga jikin Afirka da Turai. Maganar ta kwanta fiye da shekara 300, sai Bajamushe Alfred Wegener, masanin yanayi, ya tayar da ita a 1912, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1915.

Wegener bai tsaya ga siffar gaɓa ba. Ya kawo ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai rarrafe, Mesosaurus, da ake tonowa a Barazil da kudancin Afirka, alhali ba ta da ƙarfin ƙetare teku. Ya nuna sawun ƙanƙara a duwatsun Indiya, inda yau zafi ke gasa mutane. Ya ce a da nahiyoyin duk a dunƙule suke.

Manyan masana suka yi masa ca, kuma ni a ganina ba zalunci ba ne tsagwaronsa. Mutumin ya kasa faɗin abin da ke tura nahiya guda. Ya jingina da juyawar duniya da jan wata, Harold Jeffreys na Ingila ya yi lissafi ya ga wannan ƙarfi bai taka kara ya karya ba. Wegener ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930, ba a yarda da shi ba.

Ashe amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Masu bin sawun girgizar ƙasa sun riga sun fara leƙa cikin duniya: Richard Oldham ya gano cibiyar duniya a 1906, Inge Lehmann kuma ta nuna a 1936 cewa a tsakiyar narkakkiyar cibiyar akwai wani ƙwallo mai tauri. Arthur Holmes ya ce zafin ciki na sa dutsen da ke tsakanin cibiya da ɓawon ƙasa ya riƙa juyawa kamar kunu a tukunya, sai dai a hankali ƙwarai. Hujja ta fito daga ƙasan teku. Marie Tharp ta gano doguwar tsaga a tsakiyar Atlantika a 1952, Harry Hess ya bayyana a 1962 cewa nan sabon dutse ke fitowa yana tura tsoho gefe, a 1963 kuma wasu masana biyu, Vine da Matthews, suka karanta hakan a maganaɗisun duwatsun ƙasan teku. Kafin 1970 gardama ta mutu. Atlantika na ƙara faɗi da 'yan santimita a shekara.

Mu a Sakkwato wannan ba labarin nesa ba ne. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina don yin siminti a ƙasan teku ya taru, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Ka ɗauki guntunsa ka juya, wani lokaci za ka ga bawon dabbar ruwa a manne, ya koma dutse. A laka mai tauri ta wajen Dange ana samun haƙoran kifi, a yankin Goronyo kuwa aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus.

Ina teku ya fito, ga Legas can nesa? Daga arewa ya biyo, ta Mali da Nijar. Idan ƙasan teku na buɗewa da sauri, tudun da ke tsakiyarsa yakan kumbura don zafi, ruwa ya rasa wurin zama ya malala kan ƙasashen da ke kwari, irin namu. Kwarin Binuwai ma daga wannan rabuwa ya samo asali: tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sannan ta tsaya, laka da yashi suka cike ta.