Diraf ɗin NBA: yadda ake rabon sabbin 'yan wasa da abin da ya sa kulob ke sayar da gurbin shekara bakwai masu zuwa

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa in ya fara bin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, abu na farko da ke ɗaure masa kai shine ciniki. Za ka ji an ce kulob kaza ya ba da babban tauraronsa, ka tambaya nawa aka biya, sai a ce maka ai ba kuɗi bane, gurbi biyar aka ba su na zagayen farko da musaya biyu. A can kuɗin da doka ta yarda a saka cikin ciniki ɗan kaɗan ne, ba ka isa ka ɗauko dala miliyan ɗari ka sayi ɗan wasa daga wani kulob ba, ko dai ka ba da ɗan wasa ko ka ba da gurbin diraf. Toh gurbin nan shine kuɗin kasuwar, kuma darajarsa dokoki ne suka gina ta.

Diraf dai taro ne da ake yi duk shekara a watan Yuni, kulob 30 su zauna su zaɓi sabbin yara ɗaya bayan ɗaya, zagaye biyu, gurbi 60 kenan in ba a ƙwace wa wani nasa ba a matsayin horo. Yaro ba shi ke zaɓar inda zai je ba. Kulob ɗin da ya kira sunanka shi kaɗai ke da ikon ƙulla kwantiragi da kai a NBA, ko kana so ko ba ka so, ko garin sanyi ne ko ba ka taɓa jin sunansa ba.

Waye ya cancanci shiga? Dole ya cika shekara 19 a cikin shekarar da ake diraf ɗin, in kuma a Amurka ya yi makaranta dole a ce shekara ɗaya ta wuce da gama sakandarensa. Daga 2006 wannan dokar ta fara aiki, kafin nan su Kevin Garnett a 1995, Kobe Bryant a 1996 da LeBron James a 2003 duk daga sakandare suka faɗo kai tsaye. Shi ya sa yanzu za ka ga yaro ya shiga jami'a ya buga kaka ɗaya tak ya tattara ya tafi, ba karatu ya kai shi ba, dokar ce ta tsayar da shi. Ɗan ƙasar waje kuwa daga 19 zai iya miƙa sunansa, in bai miƙa ba shekarar da ya cika 22 ya shiga da kansa.

Tsarin jerin kuwa a juye yake, wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke gaba, wanda ya fi kowa cin wasa a kakar shi ne can ƙarshe. Manufar mai kyau ce, kada ƙananan kulob su dawwama a ƙasa. Amma kaga matsalar da ke ciki ai, in rashin nasara na kawo lada to wasu za su riƙa faɗuwa da gangan. A da tsabar kuɗi ake jefawa tsakanin na ƙarshe a gabas da na ƙarshe a yamma, kuma a 1984 aka yi ta zargin Houston Rockets da sakin wasa, suka kuma ci sa'a suka ɗauki Hakeem Olajuwon ɗan Legas a lamba ɗaya. A shekarar ne Portland suka ɗauki Sam Bowie a lamba biyu suka bar wa Chicago Michael Jordan a lamba uku, abin da har yau ake musu gori a kai. Shekara na zagayowa, 1985, aka kawo ƙuri'a, New York Knicks suka ci ta farko suka ɗauki Patrick Ewing.

A tsarin da aka yi diraf ɗin 2025 da shi, ƙuri'ar ta kulob 14 ce da ba su samu shiga wasannin fitar da zakara ba. Ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a cikin inji a fito da huɗu, haɗin lambobin da zai iya fitowa 1,001 ne, ana raba 1,000 ga kulob-kulob gwargwadon lalacewarsu a bar ɗaya ba mai shi. Kafin 2019 wanda ya zo na ƙarshe yana da kashi 25 cikin ɗari na samun lamba ɗaya. A gyaran da aka yi a 2019 aka rage, uku na ƙasa kowa kashi 14, kuma gurbi huɗu na farko ake jefa wa ƙuri'a ba uku ba, wato za ka iya zama mafi lalacewa a duk gasar ka ƙare da lamba biyar. An yi haka ne saboda irin abin da Philadelphia suka yi zamanin manajansu Sam Hinkie, inda a kakar 2015 zuwa 2016 wasa 10 kawai suka ci aka doke su 72. Tun gyaran kuma abin mamaki bai ƙare ba, New Orleans da kashi 6 suka samu Zion Williamson a 2019, Atlanta da kashi 3 suka zo na ɗaya a 2024, Dallas kuwa a 2025 da kashi 1.8 suka tafi da Cooper Flagg. Ko gyaran ya hana faɗuwar gangan? Ni dai ban ga alama ba, San Antonio sun sha kashi a 2023 sun samu Victor Wembanyama da kashi 14 ɗinsu, kuma ba mai kulob ɗin da ya ga haka bai yi sha'awa ba.

Yanzu ga ainihin inda darajar take, kuma nan ne mutane da yawa ba sa kallo. Ba kawai don za ka samu yaro mai kyau bane, don za ka same shi da araha ne kuma ba zai iya guduwa ba. A 1994 Glenn Robinson bai buga ko wasa ɗaya a NBA ba ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 68 da Milwaukee, hankalin masu kulob da na tsofaffin 'yan wasa ya tashi, a 1995 aka kafa ma'aunin albashin sababbi. Yanzu duk wanda aka ɗauka a zagayen farko albashinsa a rubuce yake tun kafin a kira sunansa, ya danganta da lambarsa, kulob zai iya biyan daga kashi 80 zuwa 120 cikin ɗari na abin da aka rubuta, kusan kowa 120 ɗin yake biya. Shekara biyu tabbas, sai wasu biyu da kulob ne ke da zaɓin ya riƙe ko ya saki. Bayan huɗun ma bai kuɓuta ba, in wani kulob ya taya shi, nasa na da ikon biyan daidai abin da aka taya ya riƙe abinsa. Wembanyama a shekararsa ta farko wajen dala miliyan 12 ya karɓa, a kakar da Stephen Curry ke karɓar sama da miliyan 50. A gasar da ake da rufin albashi, wato iyaka a kan jimillar albashin kowane kulob, samun yaron da ke wasa kamar babba yana karɓar kuɗin ƙarami shi ke ba ka sararin ɗauko wasu. Zagaye na biyu ba wannan ma'aunin, ba tabbacin kwantiragi, shi ya sa ake watsa su a ciniki kamar canji.

Sai dokar Stepien. Ted Stepien ya mallaki Cleveland Cavaliers daga 1980 zuwa 1983 kuma a zamaninsa aka riƙa rabar da gurabun zagayen farko ana karɓo 'yan wasan da ba su kai ba, Dallas ce ta fi more shi, da gurabun Cleveland ta ɗauki Derek Harper, Sam Perkins, Detlef Schrempf da Roy Tarpley shekara huɗu a jere. Dokar da ake kira da sunansa ta ce kulob ba zai bar kansa ba gurbin zagayen farko a shekaru biyu masu zuwa a jere ba. In ka sayar da na 2027 to na 2028 dole ya zauna, shi ya sa kullum za ka ga ana tsallake shekara. Kuma ba a sayar da abin da ya wuce shekara bakwai gaba.

Amma mutane ai ba sa rasa dabara, sai aka fito da musaya. A shekarar da doka ta hana ka sayarwa, sai ka ba ɗayan kulob ɗin ikon ya musanya gurbinsa da naka in naka ya fi. A takarda kana da gurbi, doka ta gamsu, a zahiri kuwa lamba ɗaya ta tafi an bar ka da ta 27. Abin da ya faru da Brooklyn Nets kenan sak. A 2013 suka karɓo Garnett da Paul Pierce daga Boston, dukansu sun manyanta, suka ba da gurabun 2014, 2016 da 2018 da musayar 2017, lissafinsu shine za su yi ƙarfi gurabun su zama na can ƙasa marasa amfani. Kulob ɗin ya rushe. Boston ta ɗauki Jaylen Brown da na 2016 a lamba uku, musayar 2017 ta zama lamba ɗaya, suka sayar wa Philadelphia suka sauko lamba uku suka ɗauki Jayson Tatum har da ƙarin wani gurbi a kai, Philadelphia kuma ta ɗauki Markelle Fultz. Brown da Tatum su suka ci wa Boston kofi a 2024. Clippers ma a 2019 don su samu Paul George sun ba Oklahoma City Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da gurbi biyar da musaya biyu, da ɗaya daga ciki aka ɗauki Jalen Williams a lamba 12 a 2022, a 2025 kuma Oklahoma ta ɗaga kofi. Wato in ka karɓi gurbin wani kulob, caca kake a kan cewa nan da shekara huɗu ko biyar za su lalace, gurbin kulob mai tsofaffin taurari ya fi na kulob mai yara tsada ko da yau sune a sama.

Don gudun irin ta Brooklyn ake sa kariya. A rubuta cewa gurbin naka ne amma in ya faɗo cikin goma na farko ya zauna wajenmu sai baɗi, ko cikin huɗu, ko cikin 14, wani ma in an kai wasu shekaru bai tafi ba sai ya rikiɗe ya zama na zagaye na biyu. Saboda haka in ka ga labari an ce an ba da gurbi uku, abin tambaya shine masu kariya ne ko tsirara, bambancin kamar sama da ƙasa ne. Kariyar ita ma ta haifi nata rikicin, a 2023 Knicks na bin Dallas gurbi mai kariyar goma na farko daga cinikin Kristaps Porzingis, sai Dallas ta zaunar da manyan 'yan wasanta a wasan da za ta iya ci gaba da neman shiga wasannin fitar da zakara, aka doke su, gurbin ya zauna a lamba goma. NBA ta ci su tarar dala 750,000, kuɗin da duk mai kulob zai biya yana murmushi in dai gurbin zai tsira.

Toh duk wannan a kan yaron da ba a san me zai zama ba, cinikin biri a sama kenan. Masu farautar 'yan wasa suna bin su jami'o'i da gasannin Turai, a watan Mayu kuma a tara su a Chicago a auna tsayi ba takalmi, faɗin hannuwa in an buɗe, tsalle, gudu, likitoci su duba gwiwa da ƙafa da baya, a zauna a yi musu tambayoyi. Shekaru na da nauyi sosai, ɗan 19 da ke yin abin da ɗan 22 ke yi shi ake so don ana ganin bai gama girma ba. Ana kuma kallon yadda yake jefa ƙwallon fawul, da yawa sun fi yarda da wannan a kan jifansa na maki uku wajen gane ko hannunsa zai gyaru. Da duk wannan aikin, a 2013 Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a lamba ɗaya bai yi komai ba, Giannis Antetokounmpo kuwa, haifaffen Girka ɗan iyaye 'yan Najeriya, yana buga rukuni na biyu a Girka siriri kamar a hure, sai lamba 15 Milwaukee ta ɗauke shi ya zo ya zama gwarzon gasa a 2019 da 2020. Nikola Jokic ɗan Sabiya lamba 41 ne a 2014, lokacin da aka sanar da shi ma talabijin na nuna tallar gidan abincin Taco Bell, gwarzon gasa sau uku. Pascal Siakam ɗan Kamaru lamba 27 a 2016. Joel Embiid shima ɗan Kamaru ya karya ƙashin ƙafa dab da diraf ɗin 2014 ya sauko lamba uku, kaka biyu bai taka fili ba.

Sai dai kada sunayen nan su ruɗe ka, ana tuna Jokic ne don irinsa ba su da yawa, yawancin 'yan zagaye na biyu ko shekara uku ba sa yi a gasar. Manyan taurari har yanzu a saman jerin aka fi samunsu, kuma darajar na gangarowa da sauri, tazarar lamba ɗaya da ta biyar ta fi ta 20 da ta 30 nesa ba kusa ba. A ganina shi ya sa kulob mai hankali ke tara gurbi da yawa maimakon ya amince da idonsa a kan yaro ɗaya, Oklahoma haka ta yi.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara wa gurabun nauyi ta wata hanyar. An ja wani layi na biyu can sama da layin harajin albashi, wato layin da in jimillar albashin kulob ta wuce shi sai ya biya haraji, kulob ɗin da ya gama kaka a samansa za a daskarar da gurbinsa na zagayen farko na shekara bakwai gaba, ba zai iya saka shi a ciniki ba. In kuma ya zauna a saman layin kaka uku cikin biyar, gurbin nan za a ja shi a kai shi ƙarshen zagayen farko, ko da a shekarar su ne suka fi kowa shan kashi.