Fiffiken injin jirgin sama da hoton niyutiron: tambayoyi da amsoshi

Wane irin ƙarfe ne ake yin fiffiken da shi, har ake wahalar duba cikinsa da niyutiron?

Gauraye ne wanda nikel ya fi rinjaye a cikinsa, tare da kuromiyom, kobalt, alminiyom, tantalom, wani lokaci har da reniyom. Da shi ake zuba ƙananan fikafikan da ke jere a bayan ɗakin wuta na injin jirgin sama da na injinan gas masu ba da lantarki. Iskar da ke dukan su takan fi zafin da ƙarfen kansa yake narkewa. Ƙananan hanyoyin iska da ke cikinsu da wani shafi na tangaran ne suke hana su narkewa. Ga juyi kuma, sau dubbai a minti ɗaya. Sirrin juriyarsa wasu 'yan dunƙule ne na nikel da alminiyom, ana ce musu gama-firaim. A CMSX-4, wanda kamfanin Cannon-Muskegon na Amurka ke yi, sun kai kusan kashi 70 cikin ɗari na jikin ƙarfen.

Me ake nufi da a ce fiffike kiristal ɗaya ne?

Ƙarfen da muka saba gani, na fartanya ko na tukunya, tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da inda jerin atam ɗinta ya fuskanta, kamar magina da yawa kowa ya ja layin tubalinsa yadda ya ga dama. Idan zafi da ja suka haɗu, a mahaɗar nan ƙarfe ke fara miƙewa har ya tsage. Sai aka ce to a kawar da mahaɗar. Ana yin siffar fiffiken da kaki, a lulluɓe ta da tangaran, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe. A gindin mazubin akwai wata murɗaɗɗiyar hanya mai kama da wutsiyar alade, wadda ƙwaya ɗaya tak ke iya ratsa ta. Ita ce ke girma a hankali ta cike fiffiken duka. Kamfanin Pratt & Whitney na Amurka ne ya fara sa irin waɗannan a jiragen fasinja a farkon shekarun 1980.

Amma zubi ba ya rasa tangarɗa. Wata baƙuwar ƙwaya na iya tsirowa a lungu, ko jerin ya ɗan karkace a tsakiya, daga waje kuwa sumul.

Ai akwai eksire. Me ya kai mu ga niyutiron?

Wajen duba jerin atam, eksiren ɗakin gwaji fatar ƙarfen kawai yake karantawa, don nikel da tantalom suna shanye shi tun bai yi nisa ba. Madubin ilektiron, mai girmama ƙananan abubuwa, yana gani dalla-dalla, amma sai an yanka fiffiken an goge, ka ga an kashe majinyaci don a san ciwonsa ke nan. Niyutiron, ɗan ƙwayar da ke cikin cibiyar atam wanda James Chadwick ya gano a 1932, ba shi da cajin lantarki, saboda haka yana ratsa santimitoci na ƙarfe ya fita ta baya.

To yaya yake nuna jerin atam?

Niyutiron yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tsawon zangon igiyar kuma ya danganta da saurinsa. Mai gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa zangonsa ya yi kusa da tazarar da ke tsakanin layukan atam. A cibiyar ISIS da ke kusa da Oksfod a Ingila, ana sako su rukuni-rukuni sau 10 a daƙiƙa zuwa na'urar IMAT, su yi tafiyar mita 56. Masu sauri su riga isa, marasa sauri su biyo baya, kyamara tana rubuta lokacin isowar kowanne a kowane ɗigo na hoton. Inda zango ya dace da layin atam, bisa ƙa'idar kimiyya da ake kira dokar Bragg, sai kiristal ya karkatar da waɗannan niyutiron gefe, a ga giɓi a lissafi. Idan giɓin yana wuri ɗaya daga gindin fiffike har kansa, kiristal ɗaya ne. Idan ya gusa a wani yanki, jerin ya karkace a nan. Baƙuwar ƙwaya kuwa takan fito kamar tabo. Ana irin wannan aiki a na'urar RADEN ta Japan da cibiyar PSI ta Suwizalan.

Akwai wani amfani mai sauƙi da masana'antu suka daɗe suna yi: a jiƙa fiffike da ruwan gadoliniyom, mai shanye niyutiron sosai, don a gano ragowar tangaran da ya maƙale a hanyoyin iska.

Me ya hana a duba kowane fiffike haka?

Cibiyoyin kaɗan ne, sai ka rubuta takardar nema ka jira watanni, hoto ɗaya kuma ya ci sa'o'i. Kobalt ɗin da ke ciki ma yakan ɗauki tururin nukiliya, sai an auna samfurin kafin a ba ka abinka.

Za a iya yi a Zariya?

Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, tun 2004, amma ƙarama ce, ƙarfinta kilowat 30 da 'yan kai ne, an gina ta ne don tantance sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai da abinci. Ta cibiyar binciken niyutiron ta ILL a Giranobul, Faransa, kuwa ta haura megawat 50, wato kilowat 50,000.