Ƙa'idar Linux Kan Ɗora Fayilolin Cgroup a Cikin Kwantena

A kanel ɗin Linux, wato ƙashin bayan wannan babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, akwai wani tsari da ake kira cgroup, wanda ke raba ƙarfin na'ura tsakanin manhajojin da ke gudana, ya yanke wa kowace ƙungiya adadin ma'adanar wucin gadi da lokacin sarrafawa da za ta iya ci. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, ne suka fara aikinsa a 2006, sannan ya shiga kanel a sigar 2.6.24 a farkon 2008. Ana sarrafa shi ta hanyar wasu fayiloli na musamman da ake ɗorawa, wato a sa su bayyana a matsayin jakunkuna, a /sys/fs/cgroup, inda kowace jaka take wakiltar ƙungiya guda, kuma rubuta lamba a fayil kamar memory.max shi ne gindaya iyaka.

Matsalar ta taso ne da yaɗuwar kwantena, wato killatattun wuraren gudanar da manhajoji a cikin na'ura guda, irin na Docker da LXC. Kwantena tamkar ɗakin haya ne a cikin babban gida, kuma ɗan haya yakan so ya kasa nasa rabon tsakanin yaransa, wato manhajojin da ke ƙarƙashinsa. Sai dai idan aka miƙa masa fayilolin cgroup yadda suke, zai ga tsarin gidan gaba ɗaya, har da sunayen ƙungiyoyin maƙwabtansa, kuma idan yana da ikon rubutu zai iya ɗage iyakar da mai gida ya sanya masa. Masu LXC sun daɗe suna rufe wannan giɓi da wata manhaja mai suna LXCFS, wadda ke nuna wa kwantena kwaikwayon fayilolin maimakon na ainihi.

A 2016, da sigar 4.6, kanel ta samu keɓantaccen fili na cgroup, wato hanyar taƙaita abin da manhaja ke iya gani na tsarin cgroup, bisa aikin Aditya Kali da Serge Hallyn. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da manhaja ta buɗe sabon fili, ƙungiyar da take ciki a wannan lokacin ita ce za ta zama mata tushe. Idan ta ɗora fayilolin cgroup daga ciki, abin da zai bayyana shi ne reshenta da abin da ke ƙasa da shi kaɗai, haka kuma fayil ɗin /proc/self/cgroup zai nuna mata hanyar ne daga nata tushen.

Ɗorawar kuwa tana da sharuɗɗa. Mai ɗorawa sai yana riƙe da izinin CAP_SYS_ADMIN, wato izinin manyan ayyukan gudanarwa, a cikin filin masu amfani (filin da ke tantance wane ne ke da wane iko) da ya mallaki wannan fili na cgroup, kuma a tsohuwar siga ta farko ta cgroup ba a yarda ya ƙirƙiro sabon jerin ƙungiyoyi daga cikin kwantena ba, sai dai ya ɗora wanda mai gida ya riga ya kafa.

Wani abu da mutane da yawa ke kuskuren fahimta shi ne, wannan fili da kansa labule ne kawai: yana ɓoye abin da ke waje, amma izinin fayiloli ne ke hana taɓawa. Shi ya sa a siga ta biyu ta cgroup, wadda Tejun Heo ya jagoranta kuma ta tabbata a kanel 4.5, aka ƙara zaɓin nsdelegate a 4.13. Idan aka kunna shi, ɗan kwantena ba zai iya sauya fayilolin iyaka da ke tushensa ba, sai ƴan kaɗan da aka sakar masa, irin su cgroup.procs da cgroup.subtree_control, kuma ba zai iya fitar da manhaja zuwa ƙungiyar da ke wajen filinsa ba. Daga babban filin na'ura kaɗai ake kunna zaɓin, domin in ba haka ba ɗan haya ne zai riƙe makullin ƙofar da aka kulle shi da ita.

Dalilin wannan tsanantawa ya fito sarari a farkon 2022, lokacin da aka gano ɓarakar da aka yi wa lamba CVE-2022-0492. A siga ta farko akwai fayil mai suna release_agent, inda ake rubuta sunan manhajar da kanel za ta gudanar da cikakken iko idan ƙungiya ta zama fayau. Kanel ba ta bincika izinin mai rubutu yadda ya kamata, don haka a wasu yanayi ɗan kwantena yakan iya buɗe sabon fili, ya ɗora cgroup, ya rubuta tasa manhajar a wurin, ta gudana a kan na'urar mai gida. Gyaran da aka yi ya wajabta cewa mai rubutu a fayil ɗin sai yana da CAP_SYS_ADMIN a babban filin na'ura. Kwantenonin da ke ƙarƙashin kariyar tsare-tsaren tsaro na AppArmor ko SELinux, ko tacewar seccomp mai tantance buƙatun da manhaja ke aika wa kanel, irin wadda Docker ke zuwa da ita, sun tsira daga harin, kuma siga ta biyu ba ta da wannan fayil tun asali.