Ƙarfin ɗaurin notocin jakar iska da bel ɗin kujerar mota

Ƙarfin ɗauri shi ne gwargwadon murɗawar da ake yi wa noti ko sukuru har ya kama yadda kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade. Da niyuton-mita ake auna shi, ana rubuta N·m. Wasu littattafan gyara suna amfani da kilogiram-mita, wanda ɗaya daidai yake da N·m 9.8.

Ana ɗaure noti ne don ƙarfen ya ɗan miƙe, ya matse abubuwan da ya haɗa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin hannu a guga yake ƙarewa, tsakanin haƙoran notin da ƙarƙashin kansa. Ragowar ce ke matsewa. Shi ya sa shafa mai a inda littafi bai ce ba yake da haɗari: adadin da ke kan sifanar awo, wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, bai canza ba, amma matsin ya wuce kima, haƙora su cinye.

Kowace mota da adadinta. A littattafan Toyota da dama, sukurorin da ke riƙe jakar iskar sitiyari, wato jakar da ke kumbura ta kare direba idan an yi karo, N·m 8.8 ne kacal, babban notin sitiyari 50, notocin bel ɗin kujera kuwa 42. Hannun da ya saba da notin taya ba zai iya kintatar 8.8 ba, komai daɗewarsa a sana'a. Sai da sifanar awo, wadda ke yin "ƙas" idan an kai adadin, a nan kuma ake tsayawa.

Abin da aka fi rainawa shi ne na'urar jin karo, wadda ke aika saƙon da ke sa jakar iska ta buɗe. Ta jikin ƙarfen motar take jin bugu, don haka idan notinta ya yi sako-sako, saƙon da take aikawa ya gurɓace, ga shi jakar cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba take buɗewa. Kayan da aka kwance daga tashlih, wato wurin sayar da sassan motocin da suka yi haɗari, sukan zo da tsofaffin notoci, alhali kamfanoni da yawa sun ce wasu daga cikinsu sau ɗaya ake ɗaura su.

Kafin a taɓa wayoyin jakar iska, waɗanda suke masu ruwan ɗorawa, ana cire kan batir na negetif. Toyota ta ce a jira daƙiƙa 90, Honda minti 3. Jakar da aka ciro kuma a ajiye ta fuskarta na kallon sama.